Kawu na Ɗakin Hoton Ƙwaƙwalwa

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Kawu ya riga ya iso. Abu na farko da yake yi shi ne ya zazzage aljihunsa a cikin wani kwanon roba da ke bakin ƙofa: makullai, agogo, biro, waya. Har tabaransa mai ƙarfe yakan cire, ya maƙala na roba. Injin da yake aiki da shi ƙaton maganaɗisu ne, duk ƙarfen da ya matso kusa sai ya fizge shi. Daga nan sai ya bi barandar yana kashe rabin fitilun, musamman wata doguwa da ke saman benci, wadda take wani ɗan ƙugi da ni da ku ba ma ji, amma yaran da ake kawo masa suna ji har cikin haƙoransu. Sai ya shiga ciki ya ajiye gorar ruwa ta gwaji a inda kan mutum yake kwanciya, ya ɗauki hotonta, ya tabbatar injin ya tashi lafiya. Sannan ya fito ya jira yaro na farko.

Ba ya shafa turare ranar aiki. Rigarsa kullum shuɗiya ce. Matarsa ta taɓa gaya min cewa maƙwabta sun ɗauka riga ɗaya gare shi, har sun fara yi mata kallon tausayi. Ashe da yawa ya ɗinka, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya. Dalilinsa shi ne akwai yaron da in ya zo ya tarar launin riga ya canja, to a wurinsa mutumin ma an canja shi, sai a koma daga farko.

Watan jiya Kawu ya yi ritaya, bayan ya haura shekara talatin yana ɗaukar hoton cikin kawunan mutane. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu. Wata yarinya ce ta fara kiransa haka, sunan ya bi shi, har manyan likitoci suka ɗauka. Ni uwa ce a cikin iyayen da suka zauna a bencin nan, kuma tun da na ji ya ajiye aiki nake ta tunaninsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ɗana na ƙarshe, Auta, yana da lalurar da likitoci ke kira otizim, wasu kuma suke cewa galahanga. Tun yana ƙarami in ka kira shi ba ya waiwayowa. Mun ɗauka kurma ne, sai muka lura yana ɗaki yake jin an buɗe firij a kicin. Ba ya kallon idon mutum. In na ɗauke shi sai ya sandare kamar na ɗauki katako. Abin da yake so a duniya shi ne ƙofa: ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, har marfin kabad ɗinmu ya ɓalle, babansa ya gyara, ya sake ɓallewa. Yayyensa mata biyu sun saba, suna karatunsu a cikin ƙarar kamar ba a yi. Ni ce ban saba ba. Nakan tsaya a bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina roƙon Allah a raina ya juyo sau ɗaya ya ce Mama.

Likitar da take duba shi ce ta yi mana maganar binciken da suke yi, lokacin yana wajen shekara bakwai. Ta zaunar da ni ta yi min bayani a hankali. Ta ce sassan ƙwaƙwalwa ba sa aiki ɗai-ɗai, ƙungiya-ƙungiya suke yi. Akwai waɗanda suke haɗuwa in mutum zai karanta fuskar wani, ya gane fushi ne ko wasa. Akwai kuma waɗanda suke riƙe da abin da jiki ya saba maimaitawa. Ta ce suna zaton a wurin yara irin Auta yadda sassan nan suke aika wa juna saƙo ya bambanta, wani wurin ya yi ƙasa, wani wurin ya yi yawa, kuma suna so su gani da idonsu. Sai dai dole yaro ya kwanta a cikin injin idonsa biyu, ba motsi. Ba za a ba shi maganin barci ba, domin maganin yana canja ainihin abin da ake son gani.

Dariya ta kama ni. Na ce, "Likita, Auta fa? Yaron da ko aski sai ni da babansa da mai askin mun jiƙe da gumi?"

Ta ce, "Ki kai shi wurin Kawu tukuna."

Ranar farko Kawu bai ko kalli Auta ba. Ni ya gaisar, murya ƙasa-ƙasa. Auta kuwa yana ganin ƙofar ɗakin jira ya kama aikinsa. Kunya ta rufe ni, na miƙe zan janye shi.

"Maman Auta, ƙyale shi," in ji Kawu. "Ƙofar asibiti ce, ba ta gajiya."

Sai ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan, ya jingina da bango, shi ma yana kallon ƙofar. Haka lokacinmu ya ƙare. Na koma gida raina a ɓace, don na bar aikina na zo. Babansu ya tambaye ni me aka yi.

Na ce, "An buɗe ƙofa."

Ya ce, "An dai rufe ko?"

Na ce, "An rufe."

Ya ce, "To ai da kin gaya musu muna da irin wannan maganin a gida."

Amma na koma, don Likita ta roƙe ni. Zuwa bayan zuwa, Kawu yana ɗan matsowa. Wata rana na ga ya riƙe wa Auta ƙofar da yatsa ɗaya, ya jira, sannan ya saki. Auta ya tsaya, ya kalli yatsan. Ba fuskar ba, yatsan. Kawu ya ce min daga baya wannan gaisuwa ce, kuma ya amsa.

A wani ƙaramin ɗaki kusa da na injin, Kawu ya haɗa injin ƙarya. Tsohon tankin ruwa na roba ya samu, kafinta ya yanke masa gindi da kai, suka yi masa farin fenti, suka zura gado mai taya a ciki. A nan yara suke koyon shiga rami. Ya kuma naɗi ƙarar injin gaske ya tura mana a waya, ya ce mu riƙa kunnawa a gida ƙasa-ƙasa lokacin cin abinci, muna ƙara sauti a hankali. Duk wanda ya taɓa shiga injin nan ya san ƙarar, kamar ana dukan bokitin ƙarfe a kusa da kunnenka. Ba a daɗe ba yayyen Auta suka ƙirƙiro mata rawa. Baƙuwa ta zo gidanmu ta tarar muna cin abinci cikin wannan ƙara, yara biyu suna rawa, ɗaya yana buɗe kabad. Ba ta daɗe ba ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da farko ƙafa kawai Auta yake sakawa a tankin. Sai gwiwa. Sai ya yarda a sa masa abin toshe kunne. Kawu ya tsara masa abin bi da bi: ƙofa tukuna, sannan takalmi, sannan gado, kuma bai taɓa sauya jerin ba. Ya ce min, "Abin da kuke ganin taurin kai, shi a wurinsa igiya ce da yake riƙewa kada ya faɗi. Ba za mu ƙwace igiyar ba. Ƙara mata tsawo za mu yi har ta kai cikin injin."

Mun kusa kaiwa sai abu ya lalace. Ranar da aka fara gwada shi a injin gaske, yana kwance, kansa ya shiga, sai wani a baranda ya saki tiren ƙarfe. Auta ya zabura. Ya fara buga kansa a jikin robar da ke riƙe kai, yana wani kuka da ban taɓa ji ba. Kawu ya janyo gadon da sauri, ya sa hannunsa tsakanin goshin yaron da robar. Auta ya kama hannun da haƙori. Kawu bai fizge ba, bai ɗaga murya ba, yana ta cewa, "Shi ke nan, an gama, an gama," har yaron ya saki da kansa. Da na ga jini a kan shuɗiyar rigar, na ɗauki ɗana na fita ko sallama ban yi ba.

Na yi niyyar ba zan koma ba. Likita ta kira ni ta ce babu laifi, ba kowane yaro ne yake iyawa ba, kuma lokacin rukuninmu a binciken ya kusa ƙarewa, za ta cire sunansa. Na ce ta cire. Bayan 'yan kwanaki sai Kawu ya kira.

Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. "Hannu ya warke. Haƙoransa dai lafiya lau, wannan na shaida." Sai ya ce, "Maman Auta, ki kawo shi, ko ba don hoton ba. Binciken Likita zai tafi ko babu shi. Amma kada yaron nan ya rabu da ɗakin nan yana tsoronsa. Wata rana zai iya buƙatar injin nan don ciwo na gaske, ranar kuma babu lokacin lallashi."

Kawu, kai ne ka koma da mu kan ƙofa, daga farko, kamar ba a taɓa yin komai ba. Kai ne ka riƙa ba mu lokacin hutunka na rana, kana cin abincinka a tsaye bayan mun tafi, kamar yadda mai sharar barandar ta gaya min. Ban taɓa jin ka ce "ai mun wuce nan" ba. Mai haƙurin da ba ya nuna yana haƙuri, haka na san ka.

Auta ya kwanta a injin a ƙarshe, ana saura kaɗan a rufe rukunin, Likita ta mayar da sunansa. An bar ni na shiga, bayan na cire 'yan kunnena da duk wani ƙarfe. Na tsaya a ƙarshen gadon na ɗora hannu a idon sawunsa. Injin ya yi ta dukan bokitinsa. Ɗana yana ciki shiru, ni ina waje riƙe da ƙafarsa.

Da aka gama na bi Kawu ɗakin kwamfuta. Ga kan Auta a allo, fari da toka-toka, kamar an raba gyaɗa biyu. Na ce, "Kawu, nuna min wurin da ya lalace."

Ya ce, "Ni ɗauka nake yi, Likita ce mai karantawa. Kada in gaya miki abin da ba fannina ba."

Likita ta gaya min gaskiya, kuma na gode mata. Ta ce babu wani tabo da za a nuna da yatsa, babu abin da za a yanke a cire. Hoton yaro ɗaya ba ya faɗin komai shi kaɗai, sai an haɗa na yara da yawa sannan ake fara ganin bambanci, shi ma ba kowane yaro yake bi ba. Ta ce abin da za a koya watakila yaran da ba a haifa ba ne za su ci amfaninsa. Na san ta faɗa min haka tun farko. Amma uwa takan ji abin da take so ta ji. Ni a raina na ɗauka in an ga cikin kansa za a ga inda aka kulle Mama, a buɗe min.

Na fito na zauna a benci ina kuka. Auta yana can yana fama da ƙofarsa. Kawu ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Ya ce, "Akwai abin da na gani, amma ba a hoton ba. Ta gilashin ɗakin kwamfuta na gani. Kin ɗaga hannunki kin gyara mayafi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ina jin na yi."

"Kina ɗagawa yatsun ƙafarsa suka fara motsi. Na ce shi ke nan, hoto ya lalace. Kina mayar da hannun suka tsaya. Kin sake, ya sake. Ni na koya masa shiga ramin, amma ba ni na riƙe shi a ciki ba."

Shekara da shekaru ina zaton ɗana bai bambanta ni da kabad ɗin kicin ba. Har yau Auta bai ce Mama ba. Yana da 'yan kalmominsa, ruwa, mota, a'a, amma wannan ba ta cikinsu, kuma ban daina jira ba. Sai dai tun daga ranar na daina jiran a matsayin baƙuwa.

Maganar da Kawu ya yi a waya ma ta tabbata. Auta yana tasowa saurayi ya fara faɗuwa yana jijjiga, aka ce a yi masa hoto da gaggawa a ga ko wani abu ne ya tsiro a kansa. A lokacin ya fi babansa tsawo, babu mai iya danne shi. Muna isa barandar ya saki hannuna, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya cire takalmi, ya hau gado. Ba a sami komai ba, aka ɗora shi a kan magani, faɗuwar ta lafa.

Ba ni kaɗai ba ce. A bencin nan na san wani bakanike mai 'ya mace, wadda ba ta zuwa ko'ina sai da tsohon takalmin yayanta, ƙafa ɗaya, rungume a ƙirji. Takalmin yana da ƙarfe a maɗauri da ƙusoshi a dunduniya, ba shi da halin shiga ɗakin injin, ita kuma ba ta da halin shiga babu shi. Uban ya ce har ya haƙura. Kawu ya roƙi aron takalmin lokacin da yarinyar ta yi barcin rana a mota, ya kai wa mai gyaran takalmi a bakin titi, ya tsaya a kansa aka zare kowace ƙusa, aka ɗinke da zare, aka maye ƙarfen da roba mai launi iri ɗaya. Kafin ta farka takalmin ya koma ƙirjinta. Bakaniken ya ce min, "Hajiya, ni aikina ke nan, kwance abu da mayarwa, amma wallahi tunanin bai zo min ba. Ni yarinyar nake ta son gyarawa."

Wata nas kuma ta gaya min an taɓa ba Kawu kujera a ofis, sama, inda babu cizo babu kuka. Ya je ya yi 'yan kwanaki, ya sauko. Ya ce wurin ya yi masa shiru da yawa.

Binciken ya fito, ya ƙara ɗan abin da ya ƙara a kan abin da aka sani. Bai kawo magani ba, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin zai kawo. A ƙarshen rahoton an gode wa ma'aikatan ɗakin hoto, a jimla ɗaya. Amma ranar bankwana da Kawu, Likita, wadda ita ma furfura ta kama ta yanzu, ta miƙe ta ce, "Ni na karanta hotunan yaran nan. Kawu ne ya sa suka yarda a gani." An yi taron a barandar, babu lasifika, babu tafi, don shi ya roƙi haka saboda yaran da aka zo da su.

Makon jiya na je gaishe shi a gida. Na tarar da shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, yana kallon titi, hannuwansa a kan gwiwa kamar bai san inda zai ajiye su ba. Matarsa ta ce har yanzu da sassafe yake shiryawa, sai ya kai bakin ƙofa ya tuna. Ya tambaye ni Auta. Na ce yana aiki a shagon wanki na ƙanen babansa, ninke kaya, kuma babu mai ninki kamarsa, sai dai kada ka kuskura ka taɓa abin da ya jera. Ya yi dariya har ya share ido.

Sai ya fara tambayata sauran. Yarinyar bakanike fa? Yaron nan mai jera murafen kwalba a bakin taga? Dogon nan da yake maimaita labaran rediyo da muryar mai karantawa? 'Yan biyun da ɗaya take magana a madadin ɗaya? Yawancinsu ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Ana gama hoto iyaye sukan yi godiya su tafi, rayuwa ta ja su.

Ya ce, "Ni a tsakiyar labari nake ganinsu, Maman Auta. Ban san farko ba, ba na ganin ƙarshe. Wani lokacin in ga saurayi ya wuce yana kaɗa hannu, sai in ce ko nawa ne. Ba zai gane ni ba. Ko ya gane ma, ba zai nuna ba." Ya yi murmushi. "Ba ƙorafi nake yi ba. So nake kawai in ji suna lafiya."

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Ku masu aiki da mutanen da ba sa iya faɗin abin da ke damunsu, a asibiti ko makaranta ko shagon aski, ku ɗauki halin bawan Allahn nan: ku rage murya, ku zauna ƙasa, ku jira. Wata yarinya da ya horar ce ta gaje shi a ɗakin, tana ƙoƙari, amma ɗaki ɗaya ne, yaranmu kuwa suna ko'ina. Ku kuma iyayen da muka haɗa benci, in wannan rubutu ya iso gare ku, ku nemi gidansa, ma'aikatan ɗakin hoto za su yi muku kwatance. Ba sai kun riƙo komai ba. Ku je ku gaya masa yadda yaron ya zama, ko da labarin ba mai daɗi ba ne duka. Yana zaune yana jira.

Kawu, Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya mana. Ɗaruruwan yara sun bi ta hannunka, kaɗan ne a cikinsu suka iya ce maka sai an jima. Auta bai taɓa yi maka godiya ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa yi ba. Ni ce bakinsa tun da aka haife shi, a wurin likita, a wurin malami, a wurin mai shago. Yau ma ni ce. Auta ya gode, Kawu.